Ga matashin da zai ci abinci a hidimar baƙi

A gidaje da yawa a ƙasar Hausa, in yaro ya durƙusa ya ce, "Baba, na sami aiki a otal," ba murna ce ke fara bayyana a fuskar uban ba. Zai yi shiru, ya tambayi wane otal ne, ya tambayi ko ana sayar da giya, sannan ya ce a bari ya yi shawara. In 'ya mace ce, sau da yawa ba a ma kaiwa ga shawarar. Ban ga laifin iyayen ɗungurungum ba, domin sun san abin da wasu wurare suka mayar da kansu. Amma tsoron ya jawo mana asara. Ka shiga manyan masaukai na Kano ko Kaduna ko Abuja ka duba su waye a kujerar manaja, da ta babban kuku, da ta akanta. Sau tari namu za ka tarar a bakin ƙofa suna gadi ko suna wankin mota, alhali a garinsu aka gina wurin, kuma 'yan'uwansu ne yawancin masu kwana a ciki.

Saukar baƙo don neman halal ba baƙuwar sana'a ba ce a wurinmu, ƙannena. Tun zamanin da fatake ke kora jakuna daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, kowane zango yana da mai masauki, kowace babbar kasuwa tana da fatoma. Aikinsa bai tsaya ga shimfiɗa da tuwo ba. Shi ke ajiye wa baƙo kaya da kuɗi, shi ke yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba da bashi. Da wannan tsari masu gidajen Hausawa na Sabo ta Ibadan suka riƙe cinikin shanu da goro shekara da shekaru, haka ma a Salaga da zangon Kumasi. Mutum ya taso daga uwa duniya, ya miƙa dukiyarsa ga wanda bai haɗa komai da shi ba, ya kwanta ya yi barcinsa. Jarin fatoma ke nan: an san ba ya cin amana. Ranar da aka ji ya ci, ayari sai ya sauya gida, shi kuma tasa ta ƙare. Otal na yau, da na'urar sanyaya ɗakinsa da kwamfutarsa, a kan wannan yake tsaye. Mutum ya ba ka kuɗi, ya rufe ido a ɗakin da kake da makullinsa, ya ci abin da ka dafa bai ga yadda ka dafa ba.

Kafin ka nemi aikin, ka san wane ne baƙon. Matasa da yawa in an ce yawon buɗe ido sai su hango Bature da gajeren wando da kyamara a wuya. Akwai shi, amma ba shi ke cika ɗakunanmu ba. Mai cika su ɗan kasuwa ne da ya zo Kantin Kwari ko Dawanau daga Agadez, Maraɗi, Garwa ko Njamena. Ma'aikaci ne da aka turo taron bita na kwana uku, ko 'yan ƙungiyar agaji da ke aiki a Maiduguri. Dangin ango ne da gida bai ɗauke su ba, ko mai jinya da ya kawo mahaifinsa asibitin koyarwa, ko maniyyaci mai jiran jirgi. Abin da waɗannan ke so a bayyane yake: ɗaki mai tsabta, ruwa a famfo, wutar da ba ta yankewa, alƙibla da darduma, abinci a kan lokaci, da mutumin da zai amsa in sun kira. Wanda ya fahimci haka zai ga aikin ya fi yadda ya zata yawa, domin ya haɗa da ɗakunan taro da na biki, da gidajen abinci, da masu girkin sha'ani, da kamfanonin tikiti da na Umara, da kicin ɗin makarantun kwana da asibitoci.

Karatu yana da amfani, kuma ƙofarsa ba ta da nisa. Cibiyar horar da ma'aikatan masauki da yawon buɗe ido ta ƙasa, NIHOTOUR, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano, tana kuma ba da kwasa-kwasai gajeru da dogaye. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna ta daɗe tana yaye masu ƙaramar difloma da babba a wannan fanni, akwai kuma irin sashen a wasu kwalejojin Arewa. In kana ciki, kada ka ɗauki watannin koyon aiki na SIWES a matsayin hutu, ka kai takarda a buga maka hatimi ka koma gida. A nan ne manaja zai ga hannunka, kuma ma'aikata da yawa ta nan suka shiga. In ba ka sami damar karatun ba, kada ka karaya. Wannan tana cikin sana'o'i ƙalilan da har yau mutum kan fara da wanke kwano ya ƙare yana ba da umarni. Sai dai ka sani, in tafiya ta yi nisa za a tambayi takarda, musamman a manyan kamfanoni, don haka da ka sami tsayuwa ka koma ka yi ta ko da ta yamma ce.

Neman aikin kansa ba shi da wani sirri. Ana sa talla a Jobberman da LinkedIn, amma yawancin guraben ƙananan masaukai da matsakaita ba sa kaiwa intanet, ma'aikacin ciki ne ke cewa yana da ƙane mai hankali. Saboda haka ka taka da ƙafarka. Ka yi wanka, ka yanke farce, ka sa kaya masu guga ko da tsofaffi ne, ka je da hantsi bayan an gama karin kumallo, lokacin da baƙi suka ragu a teburin karɓa. Ka nemi ganin mai kula da ma'aikata, ka ba da takarda shafi ɗaya mai ɗauke da karatunka, da aikin da ka taɓa yi ko da jiran shago ne, da harsunan da kake ji, da sunan mutum biyu da za su tsaya maka. Kada ka ce, "Kowane irin aiki ina so." Ka ce kicin kake so, ko gyaran ɗakuna, kuma a shirye kake ka fara daga ƙasa. Intabiyu tana farawa tun daga yadda ka gai da mai gadi, domin ana tambayarsa. In kuwa wani ya ce ka kawo kuɗi kafin a ba ka aiki, ka juya ka tafi.

Yanzu ga abin da na fi son ka ji. In an ce za a fara da kai daga gyaran ɗaki, kada ka ga an raina ka. Babu sashen da ke koya wa mutum otal kamar wannan. A nan za ka san cewa ana ƙwanƙwasawa a yi sallama a jira kafin a buɗe ƙofa, ko da takarda ta nuna ɗakin ba kowa. Za ka san tsumman da ya taɓa masai ba ya taɓa wurin wanke fuska, kuma gashi guda a kan farin zanin gado ya isa ya kori baƙon da ke zuwa duk wata. Za ka koyi kai rahoton famfo mai ɗiga tun bai jiƙa silin na ƙasa ba. A nan kuma za a gwada ka da gwajin da ba a rubuta shi a takarda: agogo a kan durowa, daloli a aljihun rigar da aka ba da wanki, waya a ƙarƙashin filo bayan baƙo ya tafi. Duk abin da ka tsinta ka kai wa shugabar sashe, a rubuta shi a littafi da kwanan wata da lambar ɗaki, ka sa hannu. Kada ka ajiye shi a aljihu da niyyar kaiwa anjima, domin in aka zo bincike a wannan tsakanin, babu mai tambayar niyyarka. Manajan da ya taɓa gyara ɗaki da hannunsa ba a yi masa ƙarya a kan yawan sabulu ko lokacin da aiki ke ci, kuma ma'aikata sun san haka.

Amana ba ta kaya kaɗai ba ce, har da ta baki. Za ka ga manyan mutane a halin da ba sa so a gan su: mai kuɗi da ya kasa biya, mara lafiya da ke ɓoye cutarsa, miji da mata suna faɗa. Ba a faɗin lambar ɗakin baƙo ga mai tambaya ko da ya ce ƙanensa ne, ana kiran ɗakin a tambayi mai shi. Ba a ɗaukar hoton rajista, ba a sa hoton baƙo a WhatsApp don a nuna an ga wane. Labarin da ka kai majalisa da daddare yana iya komawa kunnen mai shi kafin azahar. Iyakar wannan sirri ita ce cutarwa. In ka ga an shigo da yarinya ƙarama cikin yanayin da bai kwanta maka ba, ko ka ga makami, ko ka ji ihu, wannan na manaja ne da jami'an tsaro nan take.

Teburin karɓar baƙi shi ne fuskar gida, kuma a nan ne Bahaushe ya kamata ya fi kowa, tun da mu muka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Amma fara'a ba ta wadatar. Kana bukatar Turanci mai tsabta na magana da na rubutu, da saurin hannu a kwamfuta. Manyan otal suna aiki da manhajar rajista irin su Opera, ƙanana suna da nasu, wanda kuwa ya iya Excel ba ya daɗewa bai gane su ba. In ka ƙara da Faransanci ka zama na daban, domin baƙin Nijar da Kamaru da Chadi ba sa yankewa. In makarantar Islamiyya ta bar maka Larabci, ka raya shi, kuɗi ne a hannunka. Abu mafi wuya a teburin nan shi ne mai fushi. Mutum ya kwana a hanya, ya zo an ba da ɗakinsa, ya hau ka da faɗa a gaban jama'a. Kada ka ce laifin na aikin dare ne, shi bai san na dare ba, kai ya gani. Ka bar shi ya gama, ka ba shi haƙuri, ka gaya masa abin da za ka yi da mintin da zai ɗauka, sannan ka cika. Baƙon da aka gyara wa kuskure da kyau yakan fi wanda bai taɓa ganin kuskure ba riƙe gida. Haƙuri kuma ba ya nufin a mare ka ko a zagi iyayenka ka tsaya. In ta kai nan, ka kira na sama da kai.

Kicin duniya ce tata daban, mai zafi da tsayuwa da tsawa, amma ita ce ta fi ba mutum abin da ba a ƙwacewa. Iya girkin gida ba shi ne iya girkin sana'a ba. A gida in miya ta yi daɗi yau gobe ta gaza, ba komai. A sana'a ana so farantin da mutum ya ci ranar Litinin ya zama shi zai ci ranar Juma'a, ɗanɗano da yawa, shi ya sa ake awo da sikeli ana rubutawa. Sannan akwai lafiyar mutane. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa a abincin da ya zauna tsakanin digiri 5 da 60, kuma a zafin garuruwanmu shinkafar da aka sauke da safe aka bar ta a buɗe tana iya kwantar da ɗaurin aure guda. Katakon yanka ɗanyen kaza ba na yanka latas ba ne. Abin da ya fara shiga sito shi ke fara fita. In wuta ta ɗauke aka kwana firji bai yi aiki ba, ka faɗa, ko da za a zubar da nama mai tsada. Ina kuma roƙonku kada ku raina namu. Kuku da ya iya abincin ƙasashen waje yana da yawa, amma wanda zai fitar da masa da miyar taushe, da dambu, da sinasir, da fura mai tsabta ga mutum ɗari uku a lokaci guda, kowane faranti daidai da ɗan'uwansa, nemansa ake yi.

Batun kuɗi kuwa ba zan yi muku zaƙin baki ba. Albashin farko ƙarami ne. Doka ta sa mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 tun 2024, amma ƙananan wurare da yawa suna biyan abin da bai kai haka ba. Aikin yana da juti na safe da na rana da na dare, kuma ranar da mutane ke hutu ita ce ranar da kuka fi aiki. Za ka yi Sallah a bakin aiki, za a yi bikin abokinka ba ka. Kafin ka karɓa ka tambayi abubuwa huɗu: nawa ne albashi kuma yaushe ake biya, awa nawa ne juti kuma wace ce ranar hutu, ana ba da abinci, sannan kuɗin hidima da wasu wurare ke ƙarawa a takardar baƙo, wanda yawanci kashi 10 cikin ɗari ne, ana raba wa ma'aikata ko ba a rabawa. Ka nemi takardar ɗaukar aiki a rubuce. Tukwici halal ne in baƙo ya ba ka don ransa, amma ranar da ka fara tsayawa a bakin ƙofa kana sosa ƙeya, ka sauka daga ma'aikaci ka koma maroƙi. Akwai kuma wata ɓarna da ta zama ruwan dare: a sayar da ɗaki da daddare ba a rubuta ba, ko a rubuta wa ma'aikacin gwamnati rasit da ya fi abin da ya biya a raba rarar. Za a ce maka kowa yana yi. Sata ce, kuma manajojin gari ɗaya sun san juna, sunan wanda aka kora a kan kuɗi yana riga shi isa duk inda ya nufa.

Mu koma ga damuwar Baba, don tana da tushe. Ba kowane wuri mai allo da sunan otal ne wurin aikinka ba. Kafin ka kai takarda, ka je da rana ka je da dare, ka ga su wa ke shiga, ka tambayi maƙwabta. Wurin da ake ba da ɗaki na awa ɗaya ko biyu ba a tambayar katin shaida, ka bar shi ko nawa za su biya, domin abin da zai ci maka ya fi albashin. Akwai masaukai da yawa a garuruwan Arewa da ba sa sayar da giya, suna da masallaci, suna neman takardar shaida. A manyan otal na Abuja da Legas kuwa akwai mashaya, amma sassa daban-daban ne. Kana iya faɗa tun ranar intabiyu, cikin ladabi, cewa ba ka ɗaukar giya, a sa ka wani sashe. In hukuncin aiki a irin wurin ya dame ka, ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa, ka bayyana masa ainihin abin da hannunka zai taɓa. Salla kuma a tsara ta da abokin aiki: ya riƙe maka minti goma, kai ma ka riƙe masa in tasa bukatar ta zo. Abin da ke ɓata mana suna shi ne wanda ya tafi azahar sai la'asar ta kusa ya dawo. Sannan ka kai mahaifinka ya ga wurin da idonsa, ya gaisa da manaja. Yawancin iyaye abin da ba su gani ba suke tsoro.

Ke kuma ƙanwata, sana'ar nan tana da gurbinki, kuma ana bukatarki. Matan aure da ke sauka a masauki sun fi sakewa da mace, haka ɗakunan biki na mata, haka ayarin Umara. Ki nemi jutin rana in dare zai zame miki matsala a gida. Kada ki shiga ɗakin baƙo yana ciki ke kaɗai a rufe ƙofa, wannan ƙa'idar aiki ce a duk wurin kirki, ba tsoro ba ne. Baƙo ko shugaba da ya yi miki maganar banza, ki rubuta rana da lokaci ki kai ƙara sama. Wurin da aka ce ki yi shiru saboda mutumin babba ne, ba wurin zama ba ne. Mata da yawa kuma ba su taɓa sa kayan ma'aikata ba, daga kicin ɗin gidansu suka fara da cincin da alkaki da abincin suna, yau suna ɗaukar ma'aikata.

Abin da ke raba wanda ya shekara goma a wuri ɗaya da wanda ya hau shi ne lissafi. Ɗan Kwari in bai sayar da shadda yau ba, gobe tana nan a kanta. Ɗakin otal da ya kwana ba kowa, kuɗin wannan daren ya tafi ba zai dawo ba, alhali an ƙona dizal, an biya mai gadi. Duk tunanin manaja a kan wannan yake. In masauki yana da ɗaki 40 aka kama 24, ya cika kashi 60 cikin ɗari. To nawa ya kamata ya cika kafin ya biya man janareto da albashi? Yaushe ake rage farashi, yaushe ake ƙarawa? Nawa farantin shinkafa ya ci tun daga kasuwa, nawa aka sayar da shi? Ka roƙi a sa ka jutin dare na ɗan lokaci ka zauna kusa da mai rufe lissafin yini. Ka yi abota da mai sito da mai gyaran wuta. In an nemi wanda zai taimaka a wani sashe, ka ɗaga hannu. Ka riƙa karanta abin da baƙi ke rubutawa game da gidanku a Google da Booking.com, za ka ga abin da manaja bai gani ba. Otal irin Transcorp Hilton na Abuja, da aka buɗe a 1987, yana da ɗaki sama da 600, kuma a irinsa akwai sashen ciniki, da na taruka, da na sayayya, da na horarwa, waɗanda baƙo bai taɓa ganinsu ba. Wanda ya san gida daga bayansa shi ake ɗauka a can.

Ga masu son jagorancin baƙi, abin nunawa muna da shi. Hawan Sallar Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024, bikin kamun kifi na Argungu ya riga shi a 2016, tsohon birnin Agadez da dogon masallacinsa na ƙasa yana cikin wuraren tarihi na duniya tun 2013, Sukur ta Adamawa tun 1999. Ga Yankari da ruwan Wikki mai ɗumin digiri 31 rani da damina, ga marinar Ƙofar Mata, da Gidan Makama, da hasumiyar Gobarau, da rijiyar Kusugu. Abin da muka rasa shi ne mai bayani. Baƙo ya tsaya a gaban ganuwa ya yi tambaya, sai a ce masa ta daɗe ƙwarai. Ka karanta tarihi, ka zauna da dattawan unguwa da masu sana'ar, ka san bambancin Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, ka san yadda ake haɗa baba da toka a karofi. Abin da ba ka sani ba ka ce za ka tambayo, kada ka ƙirƙira. Ka nemi izini kafin baƙonka ya ɗauki hoton mutum, kuma kada ka haɗa baki da mai kaya a tsuga masa kuɗi. Amma kada ka jingina rayuwarka a kan wannan kaɗai. Aiki ne na lokaci, kuma tsaro na iya tsayar da shi dare ɗaya. Argungu ta yi kusan shekara goma ba a yi bikin ba kafin a dawo da shi a 2020. A watan Agustan shekarar aka kashe mutum takwas a yankin raƙuman dawa na Kure a Nijar, Faransawa shida da direbansu da ɗan jagoransu. Annobar korona kuma ta rufe masaukai a duniya baki ɗaya. Ka haɗa jagoranci da wata sana'a, tuƙi ko ɗaukar hoto ko tafinta, kuma kada ka kai baƙo hanyar da kai ba za ka kai ɗanka ba.

Tafiyar da ta fi kowace girma a wurin mutanenmu ita ce ta Makka. A 2023 kujera 95,000 Saudiyya ta ba Najeriya, ban da masu Umara da ba sa yankewa, musamman a azumi. Bayan kowane alhaji akwai mai yanka tikiti, da mai neman biza, da mai kama masauki a Makka da Madina, da mai dafa abinci, da mai riƙe ayari. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, ita ke ba kamfanoni masu zaman kansu lasisi, don haka ka tabbata wanda za ka yi wa aiki yana da shi. Ka koyi manhajar tikiti irin su Amadeus ko Sabre, wanda ya iya su ba ya rasa wurin zama. Ka tuna kuɗin da ke gabanka wata tsohuwa ce ta sayar da shanunta ko ta yi shekaru tana adashi. Harafi ɗaya da ka kuskure a sunanta yana iya hana ta hawa jirgi. In ka gaya mata masaukinta yana kusa da Harami, to ya zama tafiyar da ƙafarta za ta iya.

Da yawa za su so fita waje, Dubai ko Doha ko Saudiyya, kuma gaskiya ne otal-otal ɗin can da baƙin ma'aikata suke aiki. Hanyar tana da tsabta in ka bi ta da gogewar shekaru, da takardar kwangila da ka karanta ka gane, da bizar aiki. Ejan da ya ce ka tafi da bizar ziyara ko ta Umara, in ka isa za a gyara, yana tura ka zaman ɓuya ne. Ka bincika ko ma'aikatar ƙwadago ta ba shi lasisin ɗaukar ma'aikata, ka nemi sunan otal ɗin ka rubuta musu da kanka, ka bar kwafin fasfonka da na kwangilar a gida. 'Yan mata da yawa an ce musu aikin masauki ne, suka tsinci kansu a aikatau ba fasfo a hannu. Hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, tana karɓar ƙorafi a kan irin wannan, kuma gara a kai tun ana gida.

Ranar da za ka bar wani wuri, ka fita ta ƙofar da ka shiga. Ka ba da sanarwa kamar yadda takardarka ta ce, ka miƙa makullai da kayan aiki a ƙirga a gabanka, ka karɓi takardar shaida mai nuna sassan da ka yi da tsawon zamanka. Kada ka riƙa tsalle duk wata uku saboda ƙarin dubu biyar, mai ɗaukar aiki yana duba wannan. Kada kuma ka zauna inda ka daina koyo kuma ba a biya a kan lokaci. In burinka ka buɗe naka, ka fara da abin da ba ya cin haya mai yawa: girkin taro, wankin zannuwan ƙananan masaukai, kai abincin rana ofisoshi, ko kula da gidajen saukar baƙi na masu kuɗin da ba su da lokaci. Ka ware kuɗin sana'a daga na aljihu tun ranar farko, ka yi rajistar suna, ka rubuta ko da kuɗin gishiri ne. Lambobin baƙin tsohon gidanka kuwa nasa ne, kada ka kwashe su ka tafi da su. Waɗanda suka ji daɗin hannunka za su tambayi inda ka koma.